Idan Tankar Mai Ta Faɗi, Waye Amir?

Daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Man ya malala cikin kwata, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai, ba a jima ba wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, washegari aka rufe da yawansu a kabari ɗaya, mafi yawa matasa ne sa'o'inmu. Allah Ya jiƙansu. Wata uku bayan nan, ran 18 ga Janairun 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, inda aka kunna janareto don a juye man zuwa wata tankar, sama da mutum 80 suka tafi.

'Yan uwa na Gaya da Ajingi, wannan ba labarin nesa ba ne. Majiya maƙwabtanmu ne. Tankokin da ke bi ta Wudil su ratsa Gaya su nufi Dutse irin wannan kayan suke ɗauke da shi dare da rana.

Mun san abin da ya kai talaka bakin kwata da jarka. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a watan da Majiya ta ƙone. Masu mulkin da suka jefa mutane cikin wannan ƙunci su ne kuma suka zo ta'aziyya da jerin gwanon motoci, kuma hisabinsu yana wurin Allah. Amma yau ba a kansu za mu tsaya ba. Tambayarmu ita ce: tsakanin faɗuwar tanka da tashin wuta akwai ɗan lokaci, to a wannan lokacin waye mai ba da umarni?

Abin da aka saba gani shi ne kowa shugaba. Ɗan sanda na daga sanda, ɗan sintiri na ihu, direba na neman yadda zai tsirar da kayan maigidansa, 'yan kwana-kwana kuma idan sun iso sai a ɗauke su masu feshin ruwa kawai. Alhali malalar mai ba gobarar ɗakin kara ba ce. Fetur yana fitar da tururin da ido ba ya gani, ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana gangarawa kwata da rami. Kashi 2 cikin 100 na wannan tururin a cikin iska ya isa ya kama, kuma tartsatsin babur ko gogar bokitin ƙarfe da kwalta ya wadatar. Idan ya kama aka sheƙa masa ruwa, sai ya taso saman ruwan ya bi shi duk inda ya nufa, domin fetur bai kai ruwa nauyi ba. Kumfa ta musamman ce maganinsa. Wanda bai san wannan ba, ko da niyyarsa mai kyau ce, zai iya ƙara yawan gawarwaki.

Saboda haka ne a wasu ƙasashe ake ware jami'an kwana-kwana a koya masu jagorancin wurin haɗari a matsayin ilimi mai zaman kansa. A Amurka tsarin ya samo asali ne bayan gobarar dajin Kalifoniya ta 1970, da aka lura rashin shugaba ɗaya ya yi ɓarna kamar yadda wutar ta yi. Jami'in da aka horas yana tsayawa daga nesa, a tudu, iska na bugun bayansa. Yana karanta lambar jikin tanka ya san abin da ke ciki: 1203 fetur, 1202 gas na manyan motoci, 1075 iskar girki. Sai ya shata iyaka, ya sa a tare hanya ta ɓangarorin biyu, a kashe injuna, a datse kwata da ƙasa. Littafin da suke aiki da shi can ya ce idan malalar babba ce a kwashe mutane mita 300 ta inda iska ta nufa, idan wuta ta kama tankar kanta a ja baya mita 800 ta ko'ina. Ku auna mita 800 a cikin garin Gaya ku ga gida nawa ke ciki.

Gwamnati ta hana tankoki masu lita 60,000 hawa hanya daga 1 ga Maris 2025. To, madalla, amma lita 45,000 ma ta isa ta cinye unguwa. Akwai makarantar horas da 'yan kwana-kwana ta tarayya a Sheda, kusa da Abuja. Muna kira ga Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi su tura jami'ai su koyo wannan jagoranci, a ba su kumfa, kuma a zauna da 'yan sanda da 'yan kiyaye haɗurra da hakimai tun yanzu a yanke cewa a wurin malalar mai maganar jami'in kwana-kwana ce ta ƙarshe. Ba ranar da mai ke kwarara ake gardamar wa ya fi wa igiya ba.

Sai kuma mu. Ba mu ne muka karanta a Islamiyya cewa ko mutum uku ne suka fita tafiya an umarce su su naɗa amir ba? Kuma wanene cikinmu bai san Uhudu ba? Maharba hamsin aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair (RA), aka ce kada su gusa ko me suka gani. Da ganima ta bayyana mafi yawansu suka sauka, abin da ya biyo baya kuwa kowa ya sani. Waɗannan fa sahabbai ne, balle ni da kai da muke kallon jarkar da za ta ciyar da gida mako guda. Man da ya zube ba tsintuwa ba ce, yana da mai shi, kuma jefa rai cikin halaka haramun ne ko da kayan naka ne.

Mun iya tsare sahu a wurin wa'azi da muzahara, mun iya riƙe igiya mu tare dubban mutane. Wannan ƙwarewar ake bukata a bakin titi. Kowace da'ira a Gaya da Ajingi ta zaɓi 'yan uwa goma, a nemi jami'in kwana-kwana ya zo ya koya masu ko da na yini ɗaya ne. Aikinsu ba kashe wuta ba ne: su kira 112, su kori yara, su hana babur matsowa, su sa ladan ya yi shela a lasifika, kuma da jami'i ya iso su miƙa masa ragama su bi umarninsa. A sa maganar cikin ta'alimin wannan makon, a kawo sunayen kafin Juma'a mai zuwa, insha Allahu.