Dajin Mambila Ya Fi Ƙarfin Lissafin Dashe

Duk lokacin da damina ta sauka, ma'aikatu a Abuja da Jalingo sukan fito da alƙaluman dashen itatuwa: an raba kaza, an dasa kaza. Da wuya ka ji wanda ya koma bayan shekara uku ya ƙirga waɗanda suka rayu. Wannan jarida na ganin cewa a kan tsaunukan Jihar Taraba, wannan salon lissafi zai iya cinye kuɗin gwamnati ba tare da ya maido da daji ba, kuma wata 'yar ƙaramar fure ce shaidarmu.

Okid dangin tsirrai ne mai nau'i sama da 25,000 a duniya, ciki har da banila da ake sa wa kek da askirim. A dazuzzukan tsaunin Mambila, wasu na tsirowa a ƙasa cikin ciyawa, wasu kuma na maƙale a rassan manyan itatuwa. Irinsa kamar ƙura yake. Kwanso ɗaya na iya ɗaukar dubbai, wani ma har miliyan. Sai dai ƙwayar ba ta da guzuri. Gero da dawa suna zuwa da abincin da zai riƙe tsiro har ya fitar da ganye, ita kuwa okid ba ta da ko kaɗan. Ba za ta tsira ba sai zaren wani naman gwari, dangin fumfuna da laimar kwaɗi, ya ratsa cikinta ya ciyar da ita. Masanin Faransa Noël Bernard ne ya gano haka a 1899. A 1922 Lewis Knudson na Amurka ya nuna ana iya tsirar da ita a kwalba da sukari da sinadarai, amma a daji babu kwalba. Idan naman gwarin ya ɓace daga ƙasa ko daga ɓawon itace, iri ya zama banza komai yawansa.

Ke nan daji ba itatuwan da ido ke gani kaɗai ba ne. Gandun Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa a Ƙaramar Hukumar Sardauna, wanda aka keɓe tun 1969, yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin cikinsa ɗan kaso ne kawai. A nan ne tashar binciken da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta New Zealand ta kafa ta daɗe tana aiki da ɗaliban Najeriya. Sun killace wasu gefunan daji daga wuta da shanu, kuma ko a hakan dawowar kurmi tafiyar hawainiya ce, domin sai tsuntsaye da birai sun kawo iri, sai kuma ƙasa ta karɓa. Gonar itacen turare, wanda ya cika Mambila, tana ba da katako da icen girki, kuma babu mai raina wannan. Amma kada a rubuta ta a rahoto da sunan an farfaɗo da kurmi.

Alhakin ya rabu gida biyu. Ngel Nyaki na hannun gwamnatin jiha. Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a ƙasar nan, wanda aka kafa a 1991, inda ƙololuwar Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 take, yana hannun Tarayya. Taraba ta riga ta ga yadda aka sassare madobiya aka yi waje da ita kafin hukumomi su farga. Kuma shirin wutar lantarki na Mambila, idan ya taɓa tashi daga takarda, zai dogara ne da kogunan da waɗannan tsaunuka ke shayarwa.

Muna kira ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da ta sauya ma'auni. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, ya haɗa da Taraba. Ya kamata a ware wani kaso a cikinsa domin nazarin ƙasar tsaunuka da naman gwarin da ke cikinta, a damƙa aikin ga Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan, a kuma ajiye samfurin a cikin gida. Kare kurmin da ya rage ya fi dashe araha: albashin masu gadi, share layin kashe gobara kafin rani, da zama da makiyaya da manoma, waɗanda ke ƙona ciyawa don sabon toho ba don mugunta ba.

Ga daraktoci da mataimakan 'yan majalisa masu shirya takardun kare kasafi, tambayar da za a sa a bakin mai gida ita ce: cikin abin da aka dasa shekara uku da suka wuce, nawa ne ke tsaye yau, kuma wane iri ne?