Kiɗan da Aka Tono, da Wanda Ba Zai Tonu Ba

Turawa suna da wani kiɗa da suke kira kwanceto, inda mai fiyano shi kaɗai yake musayar kiɗa da babbar ƙungiyar makaɗa, kamar mai ba da waƙa da 'yan amshi. Masu sha'awar kiɗa a cikinmu sun san na Tchaikovsky, watakila da na Rachmaninov. Amma wa ya taɓa jin na Moszkowski, na 1898? Ko na Paderewski, makaɗin da ya zama firayim ministan Folan a 1919? Ba don rashin daɗi aka rage kaɗa su ba, yayinsu ne ya wuce. A 1991 kamfanin Hyperion na Ingila ya haɗa su biyun a faifai ɗaya, Piers Lane ne a kan fiyano. Daga nan kamfanin ya yi ta tono irinsu, har faifai fiye da 80.

Abin da ya cece su, an rubuta su a takarda. Mu fa? Waƙoƙin da iyayenmu na Zumuntar Mata suka ƙaga da Hausa, da tulu da caki, da yawansu ba su cikin Littafin Waƙoƙi, ba a kuma ɗauki muryarsu ba. In tsohuwa ta rasu, waƙarta ta bi ta. A ganinmu wannan asarar ta fi muni, domin ba wanda zai tono abin da ba a ajiye ba.

Muna roƙon shugabannin makaranta su tura 'yan kwaya, a hutun Kirsimeti, gidajen tsofaffinmu a Ƙauyen Alu, Gyadi-Gyadi da Tarauni, su ɗauki waƙoƙin da waya, su rubuta kalmomin da sunan wadda ta ƙaga kowace.