Daga Adaka Zuwa Dila

A wannan wata zancenmu a kan gwanjo ne. Babu gidan da ba ya shiga, ko na fasto ko na manomi. Da sanyin hunturu ya sauko, sai ka ga iyaye mata sun cika kasuwar Katako a Jos suna ta juya rigunan sanyi, haka kuma Kasuwar Barci a Kaduna da Ƙofar Wambai a Kano. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san inda kayan nan suka kwana kafin su iso hannunmu.

Da yawansu daga Amurka da Ingila suke fitowa. A Amurka, idan tsohuwa ta rasu, ko kuwa aka kai ta gidan kula da tsofaffi, 'ya'yanta sukan ɗauki abin da suke so, sa'an nan su kira wani kamfani. Ma'aikatan kamfanin su manna farashi a jikin kowane abu, daga gado har cokali, su buɗe ƙofa kwana biyu ko uku. Baƙi su yi ta shiga har ɗakin kwana, suna ɗaga wannan suna ajiye wancan. Ran ƙarshe akan karya kuɗin ya koma rabi. Har hotunan aure da tsofaffin wasiƙu akan zuba a kwali a sayar wa wanda bai taɓa jin sunan masu su ba. Kada mu yi saurin cewa ba su da zumunci. 'Ya'yan sun warwatsu a garuruwa masu nisa, kowa ɗakinsa cike, gidan kuwa sai an kwashe kayansa kafin a sayar da shi.

Tufafin da suka rage akan kai su shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Goodwill da Salvation Army. Su ma ba sa iya sayar da duka. Sauran sai 'yan kasuwa su saye, su ware na maza da na mata da na yara, su matse su dila-dila, kowace wajen kilo 45 zuwa 55, a loda wa jirgin ruwa. Mutanen Gana suna kiran kayan nan "obroni wawu", watau Bature ya mutu. Sunan dai ya ɗan yi ƙari, gama yawancin kayan masu su suna nan da ransu, gajiya kawai suka yi da su.

Ni ban rena gwanjo ba. Gwauraye nawa ne a ikkilisiyoyinmu suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu da ribar dila ɗaya bayan ɗaya? Abin da ya dame ni shi ne adakar da take ƙarƙashin gadon Kaka, domin ita ma ta kama hanyar nan.

Ku tuna abin da yake ciki. Akwai zanen saƙi na ranar aurenta, wanda har yanzu yake ƙanshin baba. Akwai tasa da langa na jerenta. A wasu gidaje akwai lambar yabo ta kakan da ya je yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945. Akwai kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, bangonsa ya saɓule, amma a shafin farko an rubuta sunan kowane ɗa da ranar haihuwarsa da alƙalamin tawada. A ƙauyuka da dama wannan shafi ne kaɗai shaidar haihuwar mutum.

Yanzu fa? Bayan jana'iza da kwana kaɗan dangi su raba abin da yake da kuɗi. Ragowar sai 'yan gwangwan su ɗora a sikeli. Tasar tagulla wadda aka yi wa amarya guɗa a kanta, ga mai sikeli nauyinta kawai yake gani. Ba kuwa laifinsa ba ne, tun da mu ma jikokin ba mu san wa ya saya ba, ko a wace kasuwa, ko shanu nawa aka sayar kafin keken ɗinki Singer ya shigo gidan.

Saboda haka kowane dogon hutu nakan ba 'yan ajina aiki guda. Kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwar gidansu ya ce, "Kaka, wannan na wane ne, yaya kuma ya zo gidan nan?" Ya rubuta amsar a takarda, da suna da shekara da gari, ya naɗe ya sa a cikin kayan. Tsofaffi ba sa ƙin irin wannan tambaya; wahalar ma ita ce a samu su yi shiru. Iyaye, ku ma ku gwada wannan hutu. In kun buɗe adakar, ku shanya zannuwan a inuwa, ba cikin rana tsaka ba, ku sa kafur saboda asu, takardu kuwa ku raba su da leda, gama takan tara laima da damina.