Mataimakin koci ba ɗan rakiya ba ne

Daga 2021 zuwa 2024 'yan matan Jami'ar Oklahoma sun ɗauki kofin sofbol na jami'o'in Amurka sau huɗu a jere, abin da ba a taɓa yi ba kafin su. Sunan da ya cika jaridu shi ne na shugabar masu horar da su, Patty Gasso, wadda ke riƙe da ƙungiyar tun 1995, kuma ta cancanci yabon. Amma yau hankalina yana kan matar da ke zaune a gefenta da takarda a hannu, Jennifer Rocha, mai horar da masu jifa. Kafin ta dawo Oklahoma a 2018, da ita Jami'ar Florida ta ci kofi a 2014 da 2015. Kofi shida ke nan, amma wanda ba ya bin wasan bai taɓa jin sunanta ba.

Sofbol ƙanen besbol ne, a Shikago aka fara shi a 1887. Mai jifa takan wulwula hannu ta sako ƙwallo ta ƙasa daga nisan ƙafa 43, kafin ƙiftawa da bisimilla ta iso gaban mai riƙe da sanda. A yawancin ƙungiyoyi mataimakiya ce ke zaɓar kowace jifa: mai tashi sama, mai nutsewa, mai lanƙwasa, ko mai tafiyar hawainiya da ke sa mai bugu ta kai sanda kafin ƙwallo ta zo. A wasu ƙungiyoyi takan kira lambobi daga benci, mai jifa ta duba ɗan katin da ke ɗaure a wuyan hannunta, ta gane abin da ake nufi. Kafin ranar kuwa ta kwana kan bidiyon abokan karawa, ta san wace ce ke ruɗewa idan ƙwallo ta matso jikinta, wace ce ba ta da haƙurin jira.

Wannan ma shi ne ɓangaren mai daɗi. Kakar wasa takan fara a Fabrairu ta ƙare a farkon Yuni, wasa har 56 kafin a shiga gasar ƙarshe. Ana gamawa sai farautar sababbin 'yan wasa: zaman kujera a bayan raga cikin zafin Yuli, da na'urar auna gudun ƙwallo da littafin rubutu, ana kallon 'yan sakandare daga safe har yamma. Abin ya taɓa wuce gona da iri, har ana yi wa 'yan shekara 13 alkawarin gurbi, sai da hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana tuntuɓar yarinya kafin 1 ga Satumba na shekararta ta biyun ƙarshe a sakandare. A 2018 aka yi wannan gyara. Ga bin diddigin karatu, domin wadda makinta ya faɗi ba ta shiga fili. Ga lissafin awa 20 da doka ta ƙayyade wa atisaye da wasa a mako. Kuma yarinyar da kewar gida ta dame ta ba ƙofar shugaba take fara ƙwanƙwasawa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, shekara da shekaru ɗaya daga cikin mataimakan nan ana kiransa ɗan sa kai, kuma dokar NCAA ce da kanta ta hana sashen wasanni ba shi albashi. Yana atisaye da kowa, yana tafiye-tafiye da kowa, amma abin sawa a baki sai daga sansanonin horar da yara lokacin hutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a Yulin 2023 aka soke wannan matsayi a rukunin farko na jami'o'in NCAA, aka yarda ƙungiyar sofbol ta ɗauki masu horarwa huɗu da za a iya biya.

Masu kare tsohon tsarin sukan ce ai tsani ne, kuma suna da hujja. Tim Walton mataimaki ne a Oklahoma lokacin da ta ci kofinta na farko a 2000, daga baya ya zama shugaba a Florida. Melyssa Lombardi ta yi sama da shekara 20 tare da Gasso kafin Oregon ta ɗauke ta a 2018. Bonnie Tholl ta shafe kusan shekara 30 a ƙarƙashin Carol Hutchins a Michigan kafin ta gaje ta a 2022. To amma wanda ya yi shekara 30 a aiki ɗaya ai ba wucewa yake yi ba, sana'arsa ke nan. Kuma aikin kyauta sai mai wanda zai ciyar da shi. 'Yar talakan da ta gama wasa da bashi a kanta tun a bakin ƙofa ake rasa ta.

Gyaran 2023 dama ya bayar, bai tilasta wa kowace jami'a biyan albashin kirki ba. Mataimaka da yawa har yanzu kwantiragin shekara guda suke sa wa hannu, idan aka sallami shugaba sukan bi shi ko da ba su da laifin komai. A wasan da tun 2024 aka ruwaito Texas Tech ta jawo mai jifa NiJaree Canady da yarjejeniyar kimanin dala miliyan ɗaya, ban ga dalilin da zai hana a ba mai koya jifar kwantiragin shekara uku ba.