Keken da ba ya zuwa ko'ina

A manyan biranen duniya, mutane na biyan kuɗi domin su hau keken da aka kafe cikin ɗaki. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Johnny Goldberg, shi ya ɓullo da wannan motsa jiki a Amurka, ƙarshen shekarun 1980. Mai koyarwa na gaba, kiɗa na tashi, a yi ta murza feda har minti 45. Sabon shiga kuwa, kafin minti goma zufa ta jiƙe shi, cinyoyi na karkarwa, nan yake gane yawan zama ya cinye masa ƙarfi.

Badamagare zai yi dariya: a hau keke, a biya, a sauka inda aka hau! To amma a duba gida. Alhajin kasuwar Dole wuni yake zaune cikin shago. Ma'aikaci, daga Birni zuwa buro, sai kabu-kabu. Keke ya koma abin hawan talaka da ɗan lakwal. Samarin Kara-Kara, waɗanda Aïcha Macky ta nuna cikin fim ɗinta na 2021, su kam ƙarfe suke ɗagawa. Manya ne suka zauna, hawan jini da ciwon suga na yi musu sallama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki kowane mako. Wannan bai bukatar ɗaki ko kiɗa: keke na gaske ya isa, bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga. Mai hawan jini ya fara ganin likita. Kunyar hawan keke dai ba ta kai tsadar magani ba.