Kafin a buɗe ƙoƙon kai, a waiwayi harshe

Tun da kamfanin Neuralink ya dasa na'urarsa ta farko a ƙwaƙwalwar mutum a watan Janairun 2024, hankalin masu bibiyar fasaha ya koma can. Alhali akwai wata dabara da ta riga ta, ba ta buƙatar tiyatar kai, kuma ita ce ta fi kusa da aljihun talaka: bin motsin harshe da maganaɗisu.

Wanda ya karye a wuya har lakarsa ta taɓu, hannu da ƙafa kan daina jin umarninsa. Harshe kuwa yakan tsira, domin jijiyar da ke sarrafa shi daga ƙwaƙwalwa take fitowa kai tsaye, ba ta bi ta laka ba. Ga shi da sauri, ba ya saurin gajiya. A kan wannan ne Maysam Ghovanloo da tawagarsa a jami'ar Georgia Tech ta Amurka suka gina Tongue Drive System. Ana maƙala ɗan maganaɗisu kamar ƙwayar shinkafa a harshe, a sa na'urorin da ke jin ƙarfinsa kusa da kumatu. Harshe ya karkata hagu ko dama, ƙarfin da kowace na'ura ke ji ya sauya, sai manhaja ta mayar da sauyin umarni: keken lantarki ya juya, ko kibiyar kwamfuta ta matsa. Daga baya sun mayar da na'urorin cikin wani faranti da ake ɗorawa a dasashin sama, don kada a riƙa yawo da abu a ka.

A gwajin da suka wallafa a 2013, mutum 11 masu shanyewar jiki daga wuya zuwa ƙasa sun yi aiki da shi kusan ninki uku na saurin tsohuwar hanyar da ake zuƙa ko hura iska a bututu, kuma kuskurensu bai ƙaru ba.

Abin da ya kamata matasa masu rubuta manhaja su lura da shi: na'urar jin maganaɗisun nan ba baƙuwa ba ce. Irinta ce a cikin yawancin wayoyi, ita manhajar neman alƙibla ke tambaya ina arewa take. Duk wanda ya taɓa ganin kibiyar alƙibla ta rikice kusa da lasifika ya ga matsalar da idonsa. Duniya kanta maganaɗisu ce, don haka da mutum ya juya kai, lissafi ya canza ko harshe bai motsa ba. Dole manhaja ta tace wannan, ta kuma bambance umarni da magana ko tauna. Kayan aikin ba su da tsada. Wahalar tana cikin lissafi, kuma lissafi ba ya buƙatar ɗakin tiyata.

Ba a ce babu cikas ba. Don maganaɗisun ya zauna, sai an huda harshe an sa shi kamar ɗan kunne, abin da ba kowane dattijo zai amince da shi ba. Sai an cire shi kafin a shiga na'urar hoton MRI. Keken lantarki kuma ya fi ƙarfin yawancin iyalai a Najeriya, inda haɗarin mota da babur ne kan gaba wajen karya laka.

Shi ya sa a nan waya ce ta fi cancanta a fara da ita, keke ya biyo baya. Matashin da haɗarin acaɓa ya kwantar, idan harshensa zai iya buɗe WhatsApp, ya ɗaga kira, ya tura kuɗi ba sai ya faɗa wa ƙaninsa lambar sirrinsa ba, ya samu abin da babu wanda ke tallata masa yanzu. Umarni shida Tongue Drive ke ganewa, kuma shida sun isa a zagaya fuskar waya a danna abin da ake so.