Tarar fasa gasa: mu kaɗai za ta ci?

Ina koyarwa a wata lakwal a Damagaram. Bara na sa ɗalibaina huɗu a gasar kacici-kacici da za a yi a Yamai. Saura kwana uku, zazzaɓi ya kwantar da biyu. Da na ce mun fasa, sai aka ci mu tarar jika 20, kuɗin da iyaye suka haɗa da ƙyar.

Na yarda, masu shiryawa sun kama zaure, sun biya kuɗin abinci. To, lokacin da su suka ɗaga gasar bayan mun yanki tikitin mota, wa ya mayar mana da ko dala? Dokar da ke cin ɓangare ɗaya zalunci ce. Duk wanda ya fasa ya biya, amma a yafe wa mara lafiya.